Ɗago Kai, Kin Iso

A cikin Hausawan unguwar Zahir da ke Makka babu wanda bai san aikin da Hajiya Ummulkhairi ta ɗora wa kanta ba. Ba wanda ya naɗa ta, ba kuma wanda ya isa ya sauke ta. Idan mace ta zo daga gida, zuwanta Makka na farko, to Hajiya ce za ta kai ta Harami. Tun daga bakin ƙofa za ta dafa mata ƙeya ta ce, "Sunkuya. Kar ki kalli komi sai yatsun ƙahwarki." Haka za ta yi ta jan ta cikin mutane, su wuce ginshiƙai, su sauka matakala, har su fita daga ƙarƙashin rufi. Sai sun tsaya inda babu abin da ya tare gaba, sannan ta ɗauke hannu ta ce, "Ɗago kai, baƙuwar Allah, kin iso."

Dalilinta ba ɓoyayye ba ne. Mutanenmu suna riƙe da cewa addu'ar da aka yi a kallon farko na Ka'aba ba ta faɗuwa ƙasa. Malamai suna da ta cewa a kan wannan, amma Hajiya ba ta shiga gardamarsu. Abin da ke ƙona mata rai shi ne ta ga mace ta taso tun daga Argungu, sannan ta zubar da kallonta na farko ta tsakanin ginshiƙai biyu, ta hango rabin ɗakin ta saman kafaɗar wani ƙato, bakinta yana tambayar inda za ta ajiye takalmi. Wannan a wurin Hajiya asara ce da ba ta da gyara.

Mata da yawa ta ɗaga wa kai tun lokacin da ta biyo mijinta, marigayi Malam Mukhtaru, wanda ya zo karatu ya zauna yana ɗinki har ƙasa ta rufe masa ido. Amma wadda ta fi so ta ɗaga wa, ba ta zo ba. Yayarta ce, Sakinatu, can Gwadabawa. Ranar da suka rabu, Ummulkhairi ta riƙe hannunta ta ce, "Yaya, in kin zaka, ni za ni ɗaga miki kai." Sakinatu kuwa ta riƙe maganar nan riƙon da ya wuce misali. Tun daga ranar ta hana idonta ganin Ka'aba ko a hoto. Idan an kawo mata tsarabar darduma mai zanen ɗakin, sai ta kawar da fuska ta bayar. Idan an kunna talabijin ana nuna sallar Harami, sai ta juya baya ta saurari karatu kawai. Jikokinta har tsokanarta suke yi da kalanda, ita kuma ta bi su da muciya ido a rufe. Ko kiran bidiyo daga Makka ba ta ɗauka, don kada wani mai rawar kai ya juya mata waya. Ta ce tana ajiye idonta ne.

Sau da dama tafiyar tana matsowa tana fasawa. Wata shekarar jinyar miji, wata shekarar annoba ta rufe hanya bayan har an ɗinka mata kayan tafiya. Daga ƙarshe ɓarin jikinta ya shanye, likita ya ce batun jirgi a bar shi.

Nan Makka ma ba a zauna lafiya ba. Ciwon suga ya bi idon Ummulkhairi yana ci a hankali, har ta koma ba ta bambance komai sai haske da duhu. Tun daga nan ta daina zuwa Harami. 'Yarta Shifa, wadda aka haifa a Makka, take aiki a wani kantin magani a unguwar Aziziyya, ta yi lallashi har ta gaji. Ita dai Hajiya amsarta ɗaya: sallar gida ma salla ce. Gaskiyar kuwa ita ce tsoro take ji. Matar da ta saba cewa wasu su ɗago kai, yaya za ta tsaya gaban ɗakin Allah ta ɗago nata ta ga duhu? Sai ta zama mai yawan sunkuyar da kai, ko a ɗaki, ko ana yi mata magana.

Wata ranar Alhamis Shifa ta shigo da ɗan akwati a hannu.

"Ya Ummi, ga nazzara na kawo miki. Wallah marra mai kyau ce, ƙwarai da gaske."

"Tabarau? Ni da ba ni gani, mi za ni yi da tabarau? Ko kwalliya kika so in yi wa bango?"

"La, ya Ummi, wannan tana magana. Sa ki ji."

Hajiya ta shafa abin. Tabarau ne dai kamar na kowa, sai dai hannuwansa sun ɗan fi kauri, kuma a kusurwa akwai wani ɗan ƙullutu mai santsi kamar ƙwayar gero. Shifa ta ce wannan shi ne idonsa. Ta ɗora mata a hanci, ta koya mata yadda za ta tambaye shi da Larabci abin da ke gabanta. Hajiya ta tambaya tana taɓe baki. Sai wata murya ta yi magana daidai kunnenta, a natse, ta ce a gabanta akwai mace sanye da baƙar abaya tana murmushi, bayanta taga a buɗe, a kan tebur akwai butar shayi da kofuna biyu, ɗaya ya kusa faɗowa.

Hajiya ta fizge tabaran ta yi a'uziyya. Sannan ta miƙa hannu a hankali, ta taɓa kofin a bakin tebur, daidai inda aka ce. Sai ta ce, "Tsarki ya tabbata ga wanda ya sanar da ɗan Adam wanga abu."

Kafin mako ya zagayo sun saba. Yana karanta mata sunan magani, ya gaya mata launin mayafin da ta ɗauko, ya ce mata ƙofa tana hagu. Yana da wautarsa kuma. Ranar da ta tuƙa tuwo ya ce mata wai kwaɓin burodi ne a tukunya, ta ce masa bai da tarbiyya. Hausa kuwa in ta yi masa sai ya riƙa kame-kame. Shifa ta ce a yi masa uzuri, yanzu yake koyo. Ta ce na farkon da aka fara yi manya ne masu nauyi, mutum ya sa kamar mai walda, ga zafi, ga caji ba ya daɗewa. Yanzu ga shi ya koma kamar na karatu. Akwai ma masu nuna rubutu a cikin gilashin, Baturke ya yi magana ka ga fassara a gabanka. Kuma ta ji ana cewa masu bincike suna neman hanyar da wata rana hoton zai wuce idon da ya mutu ya isa ƙwaƙwalwa.

"Wannan sai jikokinki," in ji Hajiya. "Mu dai mun ga namu rabo."

"Kuma yana kiran bidiyo," Shifa ta ƙara, tana tattara kofuna. "Wanda kika kira yana ganin duk abin da kika fuskanta. Kin juya ya juya, kin sunkuya ya sunkuya."

Hajiya ta tsaya da jan carbi. "Mi kinka ce? In na sunkuya shi sunkuya?"

Da ma Shifa ta sha cewa a je Harami da jawwal, wato wayar hannu, a nuna wa Inna Sakinatu ɗakin a huta. Duka tsofaffin biyu suka ƙi. Waya hannun kowa ce, ana ɗaga ta ne kamar mai tallar kaya. Amma abin da ke zaune a kan hancin mutum, yana kallon inda mutum ya kalla, yana sunkuyawa idan an sunkuya, wannan wata magana ce daban. Ranar Hajiya ta kira Gwadabawa ta yi bayani. Sakinatu ta ce, "Ƙahwata dai ba ta zuwa, na sani. In da idonki za ni gani, na yarda. Amma Ummu, kallo guda gare ni. Shi na ajiye tun muna da haƙora. Kar ki ɓata min shi."

Nan fa Hajiya ta shiga lissafi. Rabonta da Harami tun idonta yana gani, kuma kowa ya san wurin nan kullum cikin gyara yake. Idan ta ɗago kai ta nuna wa yayarta ginshiƙi fa? Ko bayan wani askari mai tsaron wurin? Abin da aka adana shekara da shekaru, ita da bakinta ta yi alkawari, ta zo ta zubar da shi da kanta?

Suka fara gwaji a gida. Kafin a kira, Hajiya ta sa Shifa ta sauke hoton Ka'aba na bango, ta kife dardumai, ta rufe kwalin dabino da tawul don shi ma akwai zanen a jiki. Can Gwadabawa, Nuru, babban ɗan Sakinatu, ya jingina mata waya a kan matashi. Da hoton ya buɗe, Hajiya tana zaune kai a sunkuye kamar yadda ta saba, hannuwanta a kan cinya.

Sai ta ji yayarta ta ja numfashi. "Hannun Inna! Ummu, wanga hannun Inna na. Har ɗan yatsan da ya karkace."

Hajiya ta juya hannuwan, ita da ba ta ganinsu. Ba ta taɓa sanin ta tsufa da hannun uwarsu ba. Shifa ta kama ta ta kai ta gaban madubi, makauniya a gaban madubi, don yayarta ta ga fuskarta. Sakinatu ta kalla ta kalla, sannan ta ce, "Kin yi ƙiba." Suka yi dariya har ta koma kuka.

Ranar tafiya Shifa ta nema musu izinin Umra a waya, suka fita Tan'im, can gefen gari, suka ɗauko niyya, suka iso Harami da hantsi. A cikin mota Hajiya ta kafa doka. Shifa za ta riƙe mata gwiwar hannu don kada ta faɗi, amma ba za ta ce "nan ne" ba. Wannan ba aikinta ba ne.

"Ɗayyib, ya Ummi. Amma in kin ɓata?"

"In na ɓata ki yi shiru ki yi min addu'a."

Sai da suka shiga ƙofa, Hajiya ta dunƙufar da kai har haɓarta ta taɓa ƙirji, sannan aka kira Gwadabawa. Muryar Sakinatu ta zo daidai kunnenta, kusa ƙwarai, kamar lokacin da suke kwana tabarma ɗaya.

"Mi kika gani, Yaya?"

"Dutse hwari tas. Da yatsunki. Ke, wa ya sa miki lalle haka?"

"Kalli yatsun, ki bar lallen."

Suka kama tafiya. Sanyin dutsen ya ratsa tafin ƙafarta, ƙamshin turaren nan da ta sani ya daki hancinta. Ashe ta yi kewar wurin nan har haka. Ta ji gurnanin mutane can gaba, wannan sautin da ba ya yankewa dare da rana, kowa da harshensa, kowa da kukansa. Ƙafarta tana neman matakala inda ta san matakala, sai ta ji gangara mai santsi. Ta daure ta bi. Can sai aka ji masu wanke daɓe sun ja igiya, askari yana cewa a bi ta dama, a bi ta dama. Jama'a suka tunkuɗo. Wata ƙungiya mai tafiya hannu a kafaɗar juna ta ratsa tsakaninsu, ta juya Hajiya kamar an juya faifai, kafin Shifa ta sake cafke hannunta.

Da ta tsaya, ba ta san gabas ba, ba ta san yamma ba. Rana ta taɓa mata ƙeya, alamar sun fito daga rufi, sautin ma ya buɗe ta ko'ina. Amma ina ɗakin yake? Gaba, ko gefe, ko ta ba shi baya? Ta ji yatsun Shifa suna matsa hannunta, yarinyar tana son ta yi magana, doka ta hana ta. Wuyan Hajiya ya ƙage, amma ta ƙi ɗagowa ko kaɗan.

"Ummu, lahiya? Na ji kin tsaya."

Ƙarya ta zo mata har baki, ta haɗiye. "Yaya, na ɓata. Ban san inda nika kallo ba."

Sai Sakinatu ta ce, da muryar nan tata ta babbar ya wadda ba ta rikicewa, "To ke kin san wuri, ni ina da ido. Tambaye ni."

Sai wani abu ya faɗo wa Hajiya, abin da kowa ya sani amma ba wanda ke tunawa da shi sai ya rasa ido. Masu ɗawafi kullum ɗakin yana hagunsu. Wanda ya fuskanci ɗakin sosai, zai ga suna wuce shi daga hagu zuwa dama.

"Ƙahwahun mutane, Yaya. Ina sunka nuhwa?"

"Suna tahowa wajenki. Baƙaƙe, hwarare, wata da jan lalle, wani da bandeji ga diddige. Kai, Ummu, ƙahwahun duniya duka!"

Hajiya ta juya jikinta dama a hankali, kai a ƙasa. "Yanzu hwa?"

"Sun ɗan karkace. Ƙara. Ƙara kaɗan. Tsaya! Yanzu duk suna wucewa, daga hagu suna tahiya dama, kamar ruwan gulbi."

Nan ne. Hajiya ta san nan ne, har cikin ƙashinta. Ta gyara tsayuwa, ta saki hannun Shifa. Babu ƙeyar da za ta dafa, sai ta ɗora tafin hannu a kan tata. Ta ce, "Shirya addu'arki." Sannan ta faɗi kalmomin da ta faɗa wa matan Argungu da na Maradi da na Zariya, waɗanda ta ajiye wa mace ɗaya tun tana amarya.

"Ɗago kai, baƙuwar Allah, kin iso."

Ta ɗago. Amma wanda ya daɗe ba ya gani ba ya sanin iyakar ɗagowa, sai ta wuce da kan can sama.

"Sama nika gani," in ji Sakinatu a hankali. "Shuɗi, da 'yan tsuntsaye suna kewayawa. Sauko, Ummu. Sannu-sannu. Sauko."

Hajiya ta riƙa saukowa kaɗan-kaɗan, kamar mai sauke tulu cike da ruwa. Sai maganar ta yanke.

Ba layin ne ya yanke ba, don tana jin numfashi. Tana jin zakara yana cara can Gwadabawa, tana jin Nuru yana cewa "Allahu akbar" ƙasa-ƙasa. Ta tsaya cak, ko ƙiftawa ba ta yi, ta mayar da wuyanta dutse. A gabanta babu komai sai farin haske da wani duhu a tsakiyarsa, wanda ba ta sani ba ko ɗakin ne ko ciwon idonta. Amma a kunnenta wata tsohuwa tana kallon Ka'aba karon farko a rayuwarta, daga kan gado, ta wani ɗan ƙullutu kamar ƙwayar gero. Tsigar jikin Hajiya ta tashi. Ta ji girman Allah ya sauko mata a kafaɗa.

Leɓunan Sakinatu suna motsi, ana jin sautinsu ba a jin kalmomin. Hajiya ba ta tambaya ba, don ba a tambayar baƙo abin da ya roƙa. Da Sakinatu ta gama, sai ta ce da wata murya ƙarama kamar ta yarinya, "Ummu, ashe haka yake."

"Yaya yake? Gaya min."

"Ke da kinka gan shi sau ba adadi?"

"Na gan shi har na saba. Gaya min yadda kika ganinai."

Sakinatu ta fara. Ta ce baƙin ba irin baƙin da ta sani ba ne, akwai rubutu a cikinsa, baƙi a kan baƙi, sai rana ta taɓa yake fitowa. Ta ce zinariyar da ta kewaye shi tana ƙyalli har tana sa ta runtse ido. Ta ce iska tana ɗan motsa rigar daga ƙasa, kamar mai numfashi. Ta ce ga wani tsoho can ya ɗaga hannu ya manta bai sauke ba. Ta ce komai yana tafiya, mutane, tsuntsaye, inuwa, shi kaɗai ne a tsaye. Tana faɗa, ɗakin yana ginuwa a cikin duhun Ummulkhairi, kusurwa bayan kusurwa, sabo fil, yadda ta gan shi ranar da Malam Mukhtaru ya kawo ta tana 'yar ƙauye mai tsoron matakala. Abin da ta guje wa shekarun nan, ga shi ta zo ta same shi, kuma ba duhu ta tarar ba.

Nan kuka ya ci ƙarfinta. Ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta suna girgiza, kanta ya koma ƙasa inda ya saba zama.

"Ke Ummu!" Muryar ta doki kunnenta da ƙarfin da ba a zaci mai shanyewar jiki tana da shi ba. "Mi na haka? Kin maishe ni kallon yatsunki! Na jira wanga abu tun kan a haihi ɗiyarki, sannan ki nuna min lalle? Ɗago kai!"

Shifa, da take jin komai daga gefe, ta fashe da dariya tana share hawaye da bayan hannu. Hajiya ma dariyar ta kama ta a tsakiyar kuka. Ta share fuska, ta gyara zaman tabaran a kan hanci, ta ɗago, wannan karon daidai.

"Yawwa," in ji Sakinatu. "Haka nan za ki riƙe shi. Yanzu tahi da ni mu kewaya."

Hajiya Ummulkhairi ta miƙa wa 'yarta gwiwar hannu, ta sa ɗakin a hagunta, ta shiga cikin ƙafafun duniya. Duk ɗan taku sai ta juya fuska hagu don yayarta ta ƙara gani, kuma har suka gama ba ta sake sunkuyawa ba.